Babban wa a gajerun labaranmu: in ba waliyyi ba, sai azzalumi?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da ƙorafi na zo, kuma da mu masu rubutu nake, har da ni kaina. Tun bayan ƙaramar sallah nake bin gajerun labaran da ake turowa nan, akwai abin da ya fara isata. Da zarar an ce uba ya rasu ya bar 'ya'ya, na riga na san babban wa ɗayan biyu ne. Ko dai bawan Allah da ya ajiye karatu ya shiga dako a Singa, ya aurar da ƙannensa mata uku, shi kuwa ko riga biyu ba shi da ita, a ƙarshe tari ya kama shi ya mutu kowa yana kuka. Ko kuma mugu, wanda tun ba a yi sadakar bakwai ba ya kwashe takardun gida, ya kori matar uba, ya sayar da gonar gado ya ƙaro amarya, daga baya mota ta kife da shi a hanyar Zariya ya dawo a keken guragu yana neman gafara. Don Allah yayyen da ke gidajenmu haka suke? Nawa dai ba ya cikin biyun nan, amma duk sanda na zauna zan rubuta irinsa, sai in tarar na koma kan ɗaya daga cikinsu.

Ɗan Kwari:
Anti kin manta na uku. Yaya miskili, ɗan baffa, soja ko likita, ba ya dariya, tun shafin farko yake daka wa yarinya tsawa, a shafin ƙarshe shi ne ango.

Maman Ilham:
Wannan ai ba wa ba ne, saurayi ne ya ari rigar wa. Bar shi, ranarsa daban.

Baƙin Alƙalami:
Ni ban ga laifin marubuta sosai ba. Gajeren labari ɗaki ɗaya ne, ba gidan gandu ba. Dubi gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 ake ba mutum. A cikin wannan za ki kashe uba, ki gabatar da uwa, ki jero ƙanne, ki kawo rikici, ki warware. Ina filin da za ki tsaya kina nuna mana cewa yayan nan rabinsa kirki rabinsa tsiya? Dole ki ba mai karatu fuska ɗaya ya riƙe. Mutum mai fuska biyu sai dogon littafi.

Maman Ilham:
Malam Baƙi, da girmanka, ban yarda ba. Ba ƙarancin kalmomi ne ya hana mu ba, sauƙi muke bi. Mugun wa yana ba ka makirci kyauta, nagarin wa yana ba ka hawaye kyauta. Ba sai ka yi tunani ba.

Hajiya Kaka:
Ku yara kuna magana kamar jiya aka fara. Tun muna ƙanana a Yakasai ake mana tatsuniyar Auta. Iyaye za su mutu suka bar wasiyya kada a bar Auta ya yi kuka. Ya ce zai ƙona rumbu, in an hana shi zai yi kuka, aka bar shi ya ƙona. Duk ɓarnar da ya ga dama ya yi, babba yana biye da shi yana kwasar wahala. Wasu su ce babban nan yaya mace ce, wasu su ce wa ne, ya danganta da bakin da ya ba ka. Amma wa aka sa wa sunan tatsuniyar? Auta. Wa ya ci riba a ƙarshe? Auta. Babban ko sunansa ba mu riƙe ba. To kun ga tun asali mun saba da babba ya zama jakin gida, ba a tambayarsa yadda ya ji.

Kuma ku tuna yadda muke yi da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi kaka ce ke ɗaukewa. Kunya ce, haka muka tarar. Yaron da aka rena a nesa da cinyar uwarsa, rana ɗaya a ce masa babban wa magajin uba, ga gida nan riƙe. Ku masu rubutu ba na ganin kuna taɓa wannan wurin ko kaɗan.

Ɗan Kwari:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ɗan fari ne, mu tara. Har yau Innarmu "wannan yaron" take ce mini, ina da 'ya'ya biyar.

Autar Mama:
Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa, tunda ba a san ni ba a nan.

Babanmu ya rasu a 2009, ina aji biyar na firamare. Mu shida ne ɗakinmu, akwai uku a ɗakin abokiyar zaman Mama. Yayanmu yana shekarar farko a jami'a. Bai koma ba. Ya karɓi babur ɗin Baba, Jincheng, ya fara acaɓa. Ina tuna shi da asuba yana ɗaure fuska da rawani saboda sanyi, idonsa kullum ja saboda ƙura da hayaƙi. In ya dawo da daddare sai ya juye aljihu a kan tabarma, Mama ta ware na cefane, na makaranta, na mai. A watan Janairun 2013 gwamnati ta hana acaɓa a Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Sati uku Yaya yana zaune a soro ba ya magana da kowa. Daga baya ya sayar da babur ɗin ya karɓi adaidaita sahu ta wani, yana kai masa balas kullum. Da wannan na gama sakandare, da wannan na shiga jami'a.

In na tsaya a nan, kun samu waliyyinku, ko?

To ga sauran. Da na kawo wanda nake so, Yaya ya ce a'a, akwai abokinsa mai shago a Kofar Ruwa da ya riga ya yi wa magana. Na ce ban yarda ba. Aka tara baffanninmu a falon babban baffa. Yaya ya shigo da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, an ɗaure shi da roba. Ya buɗe ya fara karantowa a gaban kowa. Kuɗin jarrabawa, rana kaza. Takalmin makaranta. Maganin taifod. Kuɗin rajista. Har audugar mata da yake ba Mama kuɗi ta saya mini, ya rubuta, kuma ya karanta, baffannina suna zaune. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ya gama ya rufe ya ce, "Wadda na yi wa wannan ce yau take ce mini ba ni da iko da ita."

To Anti Maman Ilham, wannan a wane layi za ki sa shi?

Maman Ilham:
Innalillahi. Ƙanwata, sannu. Wannan shi ne abin da nake nema na kasa faɗa.

Ummu Sultan:
Ni kam a layin masu son kai zan sa shi, ba na ko shakka. Wanda ya yi don Allah ba ya rubutawa. Tunda ya ajiye lissafi, bashi ya ba ki, jira yake ranar biya ta zo. Gori ai yana ɓata sadaka.

Ɗan Kwari:
Hajiya Ummu, a yi mana adalci. Rubutawa daban, gori daban. Ni a kasuwa na tashi, duk wanda ya zauna a Kwari ya san abin da ba a rubuta ba ya ɓata. Ni ma ina da irin littafin nan. Ba don in karanta wa kowa ba, don in san inda nake. Lokacin gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ƙanena na biye da ni yana da shago a ciki, ya ƙone ƙurmus. Jarin da na tara zan buɗe nawa shagon in daina zama yaron wani, shi na ɗauka na ba shi. Yau shi yana zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin saro kaya, ni har yanzu a teburin maigidana nake auna shadda. Na yi nadama? Wallahi wata rana ina yi. In ya wuce ni a mota ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba, abin da nake ji a ƙirjina ba zan rubuta shi a nan ba. Washegari kuma in aka ce ɗansa ba lafiya ni ne farkon zuwa asibiti.

Abin da yake ba ni haushi da labaranku ke nan. Yayan kirkin da kuke rubutawa ba ya jin haushi, ba ya ƙyashi, ba ya kwana yana lissafin inda da ya kai. Kullum murmushi da "Allah ya yi muku albarka". Wannan ba mutum ba ne. In na karanta sai in ji kamar ana ce mini ni mugu ne tunda ni ina jin zafi.

Ummu Sultan:
To amma kai ka taɓa buɗe naka littafin a gaban mutane ka tozarta ƙanwarka?

Ɗan Kwari:
Ban taɓa ba. Amma ba zan rantse miki cewa ban taɓa sha'awar yi ba.

Malam na Gwammaja:
Bismillah. Kun ja ni dole in sa baki, ko da yake ni ba marubuci ba ne, makaranci ne.

Abu na farko, don kada a tafi da kuskure. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ikon aurar da budurwa ba da izininta ba na uba ne, ko wasiyyin da uba ya ba wannan iko. Wa ba shi da shi. Yana iya zama waliyyin aure, amma sai da yardarta. Don haka yayan 'yar uwarmu, duk da ɗawainiyar da ya yi, ya nemi abin da ba nasa ba. Ciyarwa ba ta sayen wannan haƙƙi.

Na biyu, maganar rubutu. Malama Ummu, a duba aya ta 6 a Suratun Nisa'i. An ce wa mai riƙon maraya, in mawadaci ne ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwadon abin da ya dace, kuma in zai miƙa musu dukiyarsu ya kafa shaidu. Aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Mutumin da ya ji wannan tsoron ya shige shi, dole ya riƙe lissafi. Rabin shari'un gado da ake yi tsakanin 'yan uwa, da babban wa ya riƙe littafi tun farko, da ba a je gaban alƙali ba. Laifin ba a littafin yake ba, a inda aka buɗe shi ne.

Na uku shi ne wanda ya shafi sana'arku. Kuna cewa ba a iya nuna wa mai fuska biyu a taƙaice. Ku koma Suratu Yusuf. Yayyen nan su ne suka ce Yusuf da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu, suka ƙulla a kashe shi ko a jefar da shi wata ƙasa. A cikinsu aka samu wanda ya ce kada a kashe, a jefa shi rijiya matafiya su tsince shi. Wannan tausayi ne ko mugunta? Duka biyun ne a jimla ɗaya. Shekaru suka wuce, aka riƙe ƙaraminsu a Masar, su ɗin dai suka ce a kama ɗayansu a madadinsa, saboda tsohon mahaifinsu. A aya ta 80 babbansu ya ce shi ba zai bar ƙasar ba har sai mahaifinsa ya yi masa izini ko Allah ya yi masa hukunci, kuma a cikin maganar tasa ya tuna musu abin da suka yi wa Yusuf tun farko. Mutanen da suka jefa ƙane a rijiya, su ne suka miƙa wuyansu saboda wani ƙanen. Ba a canza su da hatsarin mota ba.

Baƙin Alƙalami:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara rabi. Ƙissar ta ɗauki sura guda, aya 111, da shekaru masu yawa a ciki. Mu shafi uku muke da shi. Amma na yarda da abu ɗaya: labarin Autar Mama ya nuna mini ba sai an bi shekarun ba. Zama ɗaya ya isa. Falon baffa, littafi mai roba, murya tana karanto lissafi. Duk sadaukarwar tana cikin jerin abin da yake karantawa, duk zaluncin yana cikin karantawar. Ba ka buƙatar ka ce mana shi nagari ne ko mugu. Da ni ne zan rubuta, daga cire robar zan fara, in ƙare a rufe littafin.

Maman Ilham:
Ka ga ka dawo hanya da kanka.

Baƙin Alƙalami:
Ban dawo duka ba. Har yanzu ina cewa masu karatunmu suna son a hukunta mugu a saka wa nagari. Ki tura labarin da ya ƙare ba a san wa ke da gaskiya ba, ki ga sharhi: "Anti ina ci gaban?" "Wannan ai bai ƙare ba." Tun zamanin ƙananan littattafan soyayya na shekarun 1990 da muke haya a unguwa, wa shi ne mai riƙe bulala in yarinya ta ƙi zaɓin gida, kuma mun saba a ƙarshe ya yi nadama. An horar da kunnenmu a kan haka.

Abban Walid:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, 'yan ubanci. Yawancin mugayen yayyen da ake rubutawa ɗan uba ne, nagarin kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Kamar an raba aikin tun daga ɗaki. Alhali ni abin da na gani a unguwarmu akasin haka ne. Gidan gado ɗaya, shekara goma sha ba a raba ba, wanda ya hana rabawar cikinsu ɗaya da masu kukan. Hujjarsa kullum ita ce in an sayar ina tsohuwa za ta zauna. Gaskiya ce kuwa. Amma kuɗin hayar shaguna biyu na jikin gidan aljihunsa suke shiga, matan ba sa ganin ko sisi, su da ma rabin rabon namiji ne nasu. Ɗan uban nasu ne ya tsaya musu har aka kira malamai aka raba, aka fitar wa iyaye mata tumuninsu. Shi wancan har gobe gani yake shi ya riƙe gida, su ne butulu. Kuma in ka zauna da shi zai lissafo maka rufin kwano da ya canza da rijiyar da ya yashe, ba ƙarya yake ba.

Hajiya Kaka:
Naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ba yau aka faɗa ba.

Ummu Sultan:
Ni fa tsorona kada garin neman "fuska biyu" mu koma wanke azzalumai. Akwai yayyen da mugaye ne kawai, ba wani ɓoyayyen alheri. Na san wadda yayanta ya cinye sadakinta da kuɗin kayan ɗakinta, aka kai ta da katifa ɗaya. Me za a nemo masa?

Maman Ilham:
Ba wanke shi za a yi ba, Ummu. A nuna shi yadda yake ganin kansa. Ko shi wannan, in kin tambaye shi, ba zai ce miki "ni mugu ne" ba, zai ce rance ya ɗauka zai mayar. A nan tsoron yake. Mugun da ke cikin labaranmu yana dariyar mugunta yana murza gashin baki, ba wanda zai karanta ya ga kansa. Wanda zai sa wani yaya ya ajiye waya ya yi shiru shi ne wanda ya yi kama da shi.

Autar Mama, ina kika shiga? Yaya aka ƙare?

Autar Mama:
Ina nan Anti, ina karantawa. Babban baffa ne ya raba gardamar, ya faɗi irin abin da Malam ya faɗa, ya ce ba a yi mini dole. Na auri wanda nake so. Baffa ne ya yi walicci, Yaya ya zo ɗaurin aure ya tsaya a bayan sahu, ana shafa fatiha ya tafi.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da aka yi zaman nan, da ya fita a fusace ya bar littafin a kan kujera. Ni na ɗauka, niyyata in cusa shi a murhu. Na buɗe daga baya. Ashe ta can ƙarshen ma yana rubutu, ya juya littafin. Akwai ɗaki ɗaya a gidanmu da ake haya, kuɗin na gado ne. Duk ranar da ya taɓa kuɗin nan don kansa ya rubuta. "Na ci bashin marayu, 200, mai." "Na ci bashin marayu, 500, faci da taya." Wasu an soke su da layi, alamar ya mayar. Wasu ba a soke ba. Na ƙirga waɗanda ba a soke ba, goma sha ɗaya ne. Shi ma fa maraya ne a lokacin, shekararsa ashirin da ɗaya, amma bai sa kansa a cikinmu ba.

Baƙin Alƙalami:
Kash. Kin ga yanzu kin mayar da shi waliyyi, kin ɓata mini labari. Wannan shafin na baya, in aka sa shi a ƙarshe, kowa zai yi kuka ya yafe masa, mun koma gidan jiya.

Autar Mama:
Malam Baƙi ni ban yafe ba tukuna, to. Na ga shafin, na yi kuka, kuma har yau in na tuna muryarsa yana karanta maganar audugar nan a gaban baffannina sai in ji ba na son ganinsa. Ɗaya bai goge ɗaya ba. Littafin yana wurina, bai tambaya ba, ban mayar ba.

Ɗan Kwari:
Ƙanwata, ki mayar masa. Goma sha ɗayan nan suna damunsa, ni na sani.

Malam na Gwammaja:
Ko ku magadan ku haɗu ku ce kun yafe su, a gaya masa. Amma wannan shawara ce, ba fatawa ba.

Maman Ilham:
Ƙanwata, in kin ba ni izini ina so in gwada rubuta shi. Zan canza komai da za a gane. Abin da nake tunani, shafin bayan ba a ƙarshe zan sa shi ba, a tsakiya, tun kafin zaman falon. Mai karatu ya riga ya san da shi, sannan ya zauna ya ji yana tozarta ta. Ka ga ba wanda zai samu sauƙi.

Baƙin Alƙalami:
Haka ya fi. Amma wa zai ba da labarin, ita ko shi? In ita ce, ta yaya ta san shafin kafin zaman?

Maman Ilham:
Uwar ce za ta bayar. Ita ta san littafin ciki da bai, tana zaune a bayan labule, kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta iya kamawa balle ta ce masa ya isa.

Hajiya Kaka:
Yauwa. Yanzu kika zo.

Autar Mama:
Na ba ki izini Anti. Ki canza unguwa, ki mayar da acaɓar wani abu, amma ki bar robar da ke jikin littafin. Roƙona ɗaya, kada ki kashe shi a ƙarshe, kada kuma ki sa mota ta buge shi. Yana nan da ransa. Shekaranjiya ma na gan shi a danjar Kofar Nasarawa da fasinja a baya, ya yi kamar bai gan ni ba, ni ma na juyar da kai. Bayan isha'i ya kira maigidana, ba ni ba, ya ce ya ga na rame, wai ko abinci ne ba a ba ni.